Ɗigo Biyu a Kan Sunan Jaririya

A shekarun da na zauna a Galway, can yammacin ƙasar Ayilan inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya sauko, ina da maƙwabciya malamar firamare, katanga ɗaya ce ta raba mu. Cikinta na fari ya tsufa, likita ya ce mace ce, ita da mijinta kuma sun daɗe da tsayar da suna. Wata rana da la'asar na shiga mayar mata da tukunya, sai na ga takarda manne a ƙofar firiji, an jera kalmomi huɗu da jan biro: Maeve, Méabh, Meadhbh, Medb. Na ce mata ashe har yanzu ana ta shawara. Ta ce a'a, suna kam an gama da shi, duka huɗun nan suna ɗaya ne. Ta furta mini shi, gaɓa ɗaya tak, wani abu kamar "Mev" da ɗan jan wasali. Na sake duban na ukun, na ƙirga haruffa bakwai, na rasa inda huɗu daga ciki suka shige.

Abin ya zo mini baƙo. Inda na tashi, suna na kunne ne. Ran bakwai liman ya raɗa, a yanka rago, a shelanta, mata su yi guɗa, shi ke nan yarinya ta samu suna. Yadda za a rubuta shi kuwa sai ranar da aka kai ta makaranta, malamin da ke riƙe da rajista ya rubuta yadda ya ga dama. A Ayilan doka ta ba iyaye wata uku su yi wa jariri rajista, kuma abin da suka sa a takardar haihuwa shi ne zai bi yarinya zuwa makaranta, zuwa fasfo, zuwa banki, har dutsen kabarinta. Shi ya sa wannan takarda ta kwana fiye da wata biyu a ƙofar firiji, mutum uku suna ja a kanta.

Mijin yana son Maeve. Magini ne, ya yi shekaru yana aiki a Landan da Boston kafin ya dawo gida ya yi aure. Ita matar tana son Méabh, domin haka take koya wa ɗalibanta. Mahaifiyarta kuwa, tsohuwa mutuniyar Conamara wadda da harshen Gaeilge, harshen asalin ƙasar, ta buɗe baki, kowa a gidan yana kiran ta Mamó, wato kaka, ta ce ita ba ta san wani rubutu ba bayan Meadhbh. Na huɗun, Medb, babu mai goyon bayansa. An sa shi ne don girmamawa, saboda shi ne kakan sauran.

Ban gane abin da ake ja a kai ba sai da na riƙa zama da tsohuwar nan. Takan zo daga ƙauye ta yi kwana biyu uku, ni kuma a lokacin ina gida da goyo, sai mu haɗu a kicin ɗin 'yarta muna shan shayi. Daga bakinta, da kuma abin da na bi na karanta daga baya, na fahimci cewa kowane rubutu a cikin huɗun nan yana da zamaninsa, kuma duk wanda ya zaɓi ɗaya, wani zamani ya zaɓa ya ɗora wa 'yarsa.

Medb sarauniya ce a tatsuniyoyin Ayilan, mai mulkin lardin Connacht, lardin da Galway ke ciki. Fadarta, in ji labari, tana Cruachan, inda har yau ake ganin tuddan tsofaffin gine-gine a yankin Roscommon. Labarinta mafi shahara shi ne Táin Bó Cúailnge. Wata rana ita da mijinta Ailill suka shiga gasar dukiya, aka auna komai ya zo daidai, sai bijimi ɗaya mai fararen ƙaho da ya fi ta da shi. Ba ta haƙura ba. Ta tara runduna ta nufi lardin Ulster don ta ƙwato wani bijimi mai launin ruwan ƙasa da babu kamarsa, saurayin jarumi Cú Chulainn ya tare mata hanya shi kaɗai. An rubuta labarin a kan fata a wani littafi da ake kira Lebor na hUidre wajen shekara ta 1100, sannan a Littafin Leinster cikin ƙarni na 12. Masana sun ce asalin sunan yana da dangantaka da giyar zuma, ma'anarsa mai bugarwa, mai juya kan maza. A saman dutsen Knocknarea kusa da Sligo akwai tarin duwatsu mai tsayin kusan mita 10 da mutane ke cewa kabarinta ne, ko da yake ya girmi labarin da dubban shekaru.

A zamanin waɗancan marubuta, duk haruffa huɗun nan ana jin su. Harafin d ana furta shi da laushi, kamar zal ta Larabci a bakin gwani, b kuma ana sassauta shi har leɓe bai rufe ba. Marubucin bai ga dalilin nuna wannan laushi ba, domin mai karatu ya riga ya sani. Da ƙarnuka suka shuɗe, sautin d ya narke ya ɓace daga bakin mutane, amma harafin ya ƙi tashi daga takarda. Marubuta kuma suka saba ɗora ɗigo a kan duk baƙin da aka lausasa. Aka ƙara a a tsakiya saboda wata ƙa'ida tasu da ta ce wasulan da ke gefe biyu na baƙi su zama jinsi ɗaya, ko kuma wasali ya nuna ko baƙin da ke kusa da shi mai faɗi ne ko siriri. Galibin wasulan da baƙo ke gani kamar an zuba su a banza a sunayen Ayilan, irin su Aoife da Caoimhe da Saoirse, wannan aikin suke yi.

Ranar da na fara fahimtar haka, Mamó ce ta karɓi biro ta juya bayan ambulan. Ta ce in duba. Ta rubuta sunan da wasu haruffa masu zagaye, d ɗin ya kwanta bayansa kamar wutsiyar kunama, ta ɗora ɗigo ɗaya a kansa, ɗaya a kan b: Meaḋḃ. Haruffa biyar, ɗigo biyu. Ta ce haka aka koya mata a makaranta a shekarun 1940, kuma a wurinta sunan bai taɓa zama mai tsawo ba. Wannan salon rubutu suna kiran sa cló Gaelach, ya samo asali daga hannun malaman zuhudu na dā, an fara buga littafi da irinsa a Dablin a 1571. Duk h ɗin da ke tsorata mutane a Meadhbh da Sadhbh da Siobhán, ɗigo ne aka sauke shi ƙasa aka mayar da shi harafi. Tun daga ranar na daina ganin sunayen nan a matsayin tarkace. In na ga bh ko mh, sai in tuna b ne ko m da ɗigo a ka, a furta shi kusa da v ko w.

Sai dai kafin a kai ga batun ɗigo da h, an yi wani dogon zamani da sunan ma gaba ɗaya ba ya hawa takarda. Nan tsohuwar ta fi daɗewa in tana magana, kuma nan muryarta kan sauka.

Turawan Ingila sun daɗe suna yaƙi da sunayen Ayilan. Dokokin Kilkenny na 1366 sun hana Ingilishin da suka zauna a ƙasar ɗaukar suna ko harshen 'yan ƙasa. Wata doka ta 1465 ta umarci 'yan Ayilan da ke zaune a yankin Dablin su ɗauki sunan iyali na Ingilishi, ko na gari, ko na launi, ko na sana'a. Amma waɗannan dokoki ba su kai ƙauye ba sosai. Abin da ya karya ƙashin bayan harshen ya zo ne a ƙarni na 19. A 1831 aka kafa makarantun gwamnati, koyarwa da Ingilishi zalla. A wurare da yawa akan rataya wa yaro ɗan sanda a wuya, duk sanda ya yi Gaeilge a yi tsaga a jiki, da yamma a ƙirga a yi masa bulala, kuma sau da yawa da yardar iyayensa, domin sun ga ba abin da harshensu zai saya wa yaro a kasuwar duniya. Sannan Babbar Yunwa ta faɗo daga 1845, cuta ta cinye dankalin turawa wanda shi ne abincin talaka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka hau jirgin ruwa. Yankunan da yunwa ta fi yi wa ɓarna su ne na masu Gaeilge. Ƙidayar 1851 ta samu masu jin harshen kusan miliyan ɗaya da rabi. Zuwa 1911 ba su kai dubu 600 ba.

A cikin wannan hali aka fara rajistar haihuwa ta gwamnati a 1864. Yarinya ɗaya sai ta tashi da suna uku: wanda uwarta ke kiran ta da shi a gida, wanda limamin coci ya rubuta a littafin baftisma, sau da yawa da Latin, da wanda akawun gwamnati ya sa da Ingilishi. Akawun ba ya fassara, ba ya ma ƙoƙarin kama sautin. Yakan nemi wani sunan Ingilishi da ya yi kama ko da harafin farko ne, ya manna. Gráinne ta zama Grace. Sorcha ta zama Sarah, Sadhbh ma ta zama Sarah ko Sally. Gobnait ta zama Abigail ko Deborah, Fionnuala ta zama Penelope, Úna ta zama Winifred. Meadhbh kuwa aka raba ta tsakanin Mabel da Marjory da Madge. Wani limami ɗan yankin Limerick, Patrick Woulfe, ya bi waɗannan musaye-musaye ya tattara su a littafinsa Sloinnte Gaedheal is Gall na 1923, kuma mai duba shi zai ga kamar jerin sunayen waɗanda suka ɓata ne.

Kakar Mamó tana cikinsu. A gida Meadhbh ce, duk ƙauyen da haka suka san ta, amma takardunta duka Madge suka ce. Ita kanta ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa ganin sunanta na gaskiya a rubuce ba har ta koma ga Mahaliccinta. Da na ji haka sai na gane dalilin da ya sa tsohuwar ba ta ɗauki maganar da wasa ba. Suna da al'ada irin tamu ta mayar da suna: 'yar fari takan ci sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta ci na kaka ta wajen uba. Sunan nan ya tsallake hawa biyu bai sauka kan kowa ba, saboda a zamanin haihuwar Mamó da na 'ya'yanta, Mary da Bridget da Margaret ne suka cika gidaje. Yanzu ga shi zai dawo, tana so ya dawo da kayansa cikakku.

Bridget ma da nata labarin. Sunan waliyyiyar ƙasar ne, Brighid ko Bríd a harshensu. 'Yan matan Ayilan da suka tafi Amurka aikin gida sun yi yawa, kuma masu wannan suna sun yi yawa a cikinsu, har "Biddy" ya zama lakabin raini ga duk 'yar aiki. Da yawa suka yar da sunan a bakin teku suka koma Delia ko Bertha. Sai a 2023 ranar waliyyiya Brighid ta zama hutun ƙasa.

Juyin ya fara ne a ƙarshen ƙarnin. A Nuwamba 1892 Douglas Hyde, ɗan limamin Furotesta wanda ya koyi Gaeilge a bakin talakawan Roscommon, ya yi lacca a Dablin kan wajabcin cire rigar Ingilishi daga jikin Ayilan, kuma sunayen mutane suna cikin abin da ya fi kokawa a kai. A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge, shi ne shugabanta na farko, shi ne kuma ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938. Mutane suka fara mayar da sunayensu. A 1905 aka ci wani manomi mawaƙi na Donegal, Niall Mac Giolla Bhríde, tarar sule ɗaya saboda ya rubuta sunansa a jikin amalankensa da haruffan Gaeilge, alhali doka ta ce a rubuta da haruffan da za a iya karantawa. Aka ɗaukaka ƙara. Lauyan da ya tsaya masa saurayi ne mai suna Patrick Pearse, kuma suka sha kaye. Shekara 11 bayan haka Pearse ne ya karanta shelar jamhuriya a tawayen 1916, aka harbe shi.

Abin da ban zata ba shi ne rubutun Maeve, wanda mijin ke so, shi ma ɗan wannan zamanin farkawa ne. Marubuta irin su Lady Gregory, wadda ta fitar da labaran Cú Chulainn da Ingilishi a 1902, da mawaƙi W. B. Yeats, su suka yaɗa shi. Suna so jikokin waɗanda yunwa da makaranta suka ƙwace wa harshe su san sarauniyarsu, su kuma iya kiran sunanta. Sai suka rubuta shi yadda mai Ingilishi zai karanta ya faɗi daidai, har da v, harafin da babu shi a cikin haruffa 18 na Gaeilge. Saboda haka ban taɓa yarda da masu cewa Maeve rubutun bayi ne ba. Madge ne rubutun da ya binne sunan. Maeve tono shi ya yi, da irin fartanyar da ke hannu a lokacin. Marubuciya Maeve Binchy, wadda ta rasu a 2012, ta kai shi ƙasashen da ba su san akwai wani lardi wai shi Connacht ba.

Bayan samun 'yanci a 1922 harshen ya shiga makaranta dole, kuma abin da akawu ya yi wa kakanni sai malami ya juya shi. Yaro zai zo da sunan Ingilishi, a rubuta shi da Gaeilge a littafin kiran suna ko gidansu ba mai jin harshen. Amma gwamnati ta ga tsohon rubutun yana da nauyi: kalmomi cike da haruffan da ba a furtawa, ga tsadar tafireta da injin ɗab'i na musamman. Ma'aikatan fassara na majalisa suka fitar da sabuwar ƙa'idar rubutu a 1945, aka kammala ta da nahawu a 1958 da sunan An Caighdeán Oifigiúil. Aka yi wa kalmomi aski. Biadh, abinci, ya koma bia. Sunan harshen kansa, Gaedhilge, ya koma Gaeilge. Seaghán ya koma Seán, Brighid ta koma Bríd. A Meadhbh aka cire dh da ba a ji, aka ɗora wa e wani ɗan kara mai jingine don a nuna an ja shi, aka samu Méabh. Karan nan suna kiran sa síneadh fada. A ido kamar fataha yake a rubutun allo, aikinsa kuwa na madda ne. Cikin shekarun 1960 makarantu suka bar tsofaffin haruffa suka koma irin na Ingilishi, ɗigo ya sauka ya zama h.

Ƙa'idar ba ta tilasta wa kowa a kan sunansa ba, shi ya sa tsoho da sabo suka ci gaba da zama tare, har aka haifi gauraye: Méadhbh, Maebh, Medbh kamar mawaƙiyar Belfast Medbh McGuckian, Méav kamar wata mawaƙiyar zamani. Haka Órfhlaith da Órlaith da Órla da Orlagh. Amma ga mutane irin Mamó, gyaran nan rashi ne na biyu. Ta ce mini wasiƙun da mahaifiyarta ta rubuto mata suna nan a akwati, 'ya'yanta na ƙarshe ba sa iya karanta su sai da ƙyar. Gwamnatin da ta zo ceton harshe ita ce ta sa hannun uwa ya zama baƙo a idon jika. Na san an yi gyaran da kyakkyawar niyya, na kuma san ya sauƙaƙa wa dubban yara, amma ban iya ce mata komai ba.

Daga nan sunayen suka fara dawowa da ƙarfi. A shekarun 1960 Mary ce ke kan gaba a sunayen 'yan mata, nesa ba kusa ba. Sannu a hankali Sinéad da Niamh da Aoife da Ciara suka cika azuzuwa. A 1977 gwamnati ta sa hoton sarauniya Medb a takardar fam ɗaya, kowa ya riƙa yawo da ita a aljihu. Saoirse, wanda ma'anarsa 'yanci, ba tsohon suna ba ne, zamanin gwagwarmaya ne ya haife shi. A 2021 sunan da ya fi kowane yawa a jarirai mata shi ne Fiadh, wanda tsararrakin Mamó ba su san shi a matsayin sunan mutum ba. Ƙidayar 2022 ta nuna masu yin Gaeilge kullum a wajen makaranta ba su wuce dubu 72 ba. A gidaje da yawa, sunan yarinya shi ne kalmar Gaeilge ɗaya da ake furtawa kowace safiya, kuma ina ganin shi ya sa ake riƙe haruffansa da ƙarfi haka.

Mijin bai musa ko ɗaya daga cikin wannan ba. Hujjarsa ta mutumin da ya sha baƙunci ce. Ya ce 'yan Ayilan matafiya ne, yarinyar nan wata rana za ta nemi aiki a Sidni ko Toronto, kuma ya ga yadda abokan aikinsa masu sunayen gida ke tsayawa a gaban kanta suna jero haruffa ɗaya bayan ɗaya, ana kiran su da sunan da ba nasu ba a ɗakin jiran likita. Jarumar fim Saoirse Ronan, da duk shahararta, ta yi shekaru tana koya wa masu hira da ita a talabijin yadda za su faɗi sunanta. Ya ce ba ya so ya ɗora wa jaririya kayan da ba ita ta ɗaure ba. Na ji masa, domin ni ma baƙuwa ce, na san gajiyar maimaita suna sau uku ga wanda ba ya saurare.

Har a cikin gida ma ba a tsira ba. Kwamfutocin ofisoshi da bankuna da kamfanonin jirgi da yawa ba sa karɓar ɗan karan nan, sai su yar da shi ko su sa wata alama mara ma'ana a gurbinsa. Kuma karan ba ado ba ne. Seán suna ne, sean kuwa tsoho. Órla na nufin gimbiyar zinariya, orla kuwa amai. A 2019 wani mai shirya fina-finai ya kai ƙara ga hukumar kare bayanai saboda an ƙi rubuta sunansa daidai a takardun asibiti, aka ce masa ba shi da cikakken haƙƙi a kan haka. Sai a gyaran dokar harsuna na 2021 aka tanadi cewa hukumomin gwamnati su rubuta sunan mutum yadda yake, da karansa.

A nan ne maganar ta daina zama tasu su kaɗai a wurina. Sunan mahaifina yana farawa da Ɗ, kuma babu takarda ɗaya a hannuna, ta gida ko ta waje, da ta taɓa rubuta shi da lanƙwasarsa. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin boko, amma har yau mun yarda na'ura ta aske su, alhali mun san bara daban ɓara daban, kafa daban ƙafa daban. Ƙanwar mahaifiyata da ke aure a Maraɗi Haoua ce a takarda, takwararta a Katsina Hauwa'u, bambancin kawai wane Bature ne ya riƙe alƙalami a kowane gefen iyaka. Ban taɓa jin mun zauna wata biyu a kan haka ba. Da na ga mutum uku suna yi wa harafi ɗaya irin wannan zama, kunya ta kama ni, sannan sha'awa.

Da maƙwabciyar ta tambaye ni ra'ayina, na ce Méabh. Har yau ban canja ba. Meadhbh yana da kwarjini, amma ɗigon da ya ba shi kyau an riga an cire, abin da ya rage haruffa ne da yarinya za ta yi ta ba da haƙuri a kansu. Maeve yana da sauƙi, kuma ba abin kunya ba ne, sai dai an yi shi ne don kunnen wani harshe. Méabh kuwa yana bin ƙa'idar harshen da ke raye yau, wanda za a koya mata a aji, duk ɗan Ayilan da ya yi firamare zai karanta shi ba tuntuɓe. Wahalar da uban ke tsoro gaskiya ce, amma a ganina na'urar da mutum ya ƙera ita ya kamata a gyara, ba sunan yarinya ba.

An haife ta cikin hunturu. Uban ne da kansa ya je rajista, ya dawo da takarda mai Méabh, ya ce ya tsaya a kan akawun sai da ya ga karan ya fito a allon kwamfuta. Mamó ba ta ce an kyauta ba, ba ta kuma ce an ɓata ba. Ranar baftisma ta kawo kati, a ciki ta rubuta sunan da tsohon hannunta, haruffa biyar da ɗigo biyu, a ƙasa ta sa sunan kakarta da sunan ƙauyensu.

Bayan baƙi sun watse muna kicin muna wanke kofuna, takardar nan tana nan a ƙofar firiji ba a cire ba. Tsohuwar ta ce, "A stór, ku a naku tsohon rubutun yaya za a sa shi?" Haka take kirana, kalmar da suke faɗa wa 'ya'ya da jikoki. Na share hannuna na karɓi jan biron. Na ce mata mu ma ba mu da v, sai dai fa. Na fara daga dama kamar yadda malaminmu na allo ya koya mana: mim da ɗigon imala a ƙarƙashi don ya ba da e, na ja shi, sannan fa irin tamu ta Warshu, mai ɗigo ɗaya a ƙasa. Ta sa tabarau ta matso, ta bi shi da yatsa daga hagu, na juya mata yatsan zuwa dama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ƙirga da farce, ɗaya, biyu. Ta ce nasu a sama, namu a ƙasa, ta kira 'yarta ta zo ta gani.